Ƙugiyar Ƙosai

Shekara sha ɗaya allon katako na rataye bisa kanta
a ɗan shagona na Cheetham Hill,
tsakanin mai aski da mai ɗinkin labule.
Da asuba in rubuta da alli, da dare in goge da tsumma.
In alale ya ƙare tun azahar,
babban yatsa ya isa.

Sai Barira ta dawo hutu daga jami'a,
ta dubi allon, ta dube ni,
ta ce, Baba, sifilinka kamar shida,
shi ya sa baƙi ke leƙowa su wuce.

Ranar Talata aka kawo su cikin kwali,
guda uku, baƙaƙe, sirara kamar faifai.
Wojtek ɗan Poland ya hau tsani ya huda bango,
garin siminti ya sauka kan murfin tukunya.
Yana ƙura wa kumfar ma'auninsa ido
kamar mai duban watan salla,
ya ce bangon ne karkatacce, ba aikinsa ba.
Na ce na sani, tare muka karkace.

Barira ta ɗauki hoton tuwo sau ashirin.
Ta shafa wa malmala mai don ta yi sheƙi,
ta kai kwano bakin taga,
ko da yake Manchester ba ta ba da rana ko aro.
Miyar kukata ba ta taɓa kyau haka ba,
har na ji wa ta cikin tukunya kunya.

Aka kunna.
Haske ya zuba har kan buhunan shinkafa.
Ga masa, ga kilishi, ga farfesu, kowa da kuɗinsa a gefe.
Amma wurin ƙosai sai wani ɗan akwati fanko,
sannan osai.
Ɗanwake ma an fille masa kai.
Na'urar ba ta san harafi mai ƙugiya ba.

Ta ce, mu sa k kawai, wa zai lura?
Na ce, ni.
Tsakanin ƙasa da kasa ƙugiya ce kaɗai,
ɗaya ka taka ka tsaya,
ɗaya ka taka a yi maka salati.

Ta sa k ɗinta dai, ta shiga wanke hannu.
Na yanki farar takarda, na zana ƙugiya,
na hau kujera na manna a gilashin, daidai kan harafin.
Kafin in sauko hoton ya juya,
ƙugiyata na reto a wuyan kwalbar zoɓo.
Sahabi direban bas ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Dare ya raba ina kankare ƙanzo,
ita tana can tana ƙwanƙwasa madannai, tana tsaki.
Can na ji, Baba, zo ka gani.
Ga ta nan tsaye a gaban osai,
ta karya hula gefe guda
kamar baƙon da aka daɗe ana jira a tasha.
Ban ce komai ba. Na soya mata ƙwai uku.

Tsohon allon na bayan firji yanzu.
Ban jefar ba, don a bayansa akwai sunaye:
ɗaliban da suka ci kafin kuɗinsu ya iso,
wasu sun biya, wasu sun zama likitoci.
Wannan shafin ba na bango ba ne.

Jiya Juma'a alale ya ƙare da wuri.
Hannuna ya tashi da kansa,
na goga yatsa a gilashi, na sake gogawa.
Alale na nan yana tururi, fam uku da rabi,
sai tabon manja da na bari a kansa.
Barira na aji a Leeds, wayarta a kashe.
Har la'asar ina ba mutane haƙuri
a ƙarƙashin abincin da babu.